Mun tsinci kunkuru a bakin titi a Amurka, za mu iya riƙe shi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a jihar Virginia ta Amurka. Shekaranjiya, cikin wannan wata na Yuni, muna dawowa daga cefane muka ga wani ɗan kunkuru zai tsallaka titi, baƙi-baƙi mai zanen rawaya, bai fi tafin hannu ba. Na tsaya na ɗauke shi don kada mota ta taka shi, muka taho da shi gida, tafiyar kamar minti goma a mota. Yara sun ƙwallafa rai a kansa. Mun sa shi a kwali, mun ba shi latas da karas, ya ƙi ci, da an taɓa shi sai ya yi huci ya rufe kansa ruf. Hajiya mahaifiyata, da ta zo mana ziyara, ta ce ai a gida ana ajiye kunkuru shekara da shekaru ba abin da ke samunsa. Me ake ba shi ya ci? In kuma riƙe shi ba zai yiwu ba, akwai ɗan daji a bayan gidanmu, in sake shi a can?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka taka birki saboda wannan bawan Allah, da yawa ba sa tsayawa. Sai dai amsata ba za ta yi wa yara daɗi ba. Kada ka riƙe shi, kada kuma ka sake shi a dajin bayan gidanka. Gobe da safe ka mayar da shi daidai inda ka tsince shi, ka ajiye shi a ɓangaren titin da ya dosa lokacin da ka gan shi. Na yi shekaru ina bin irin waɗannan dabbobi a dazukan gabashin Amurka da eriyar kama siginar 'yar na'urar rediyon da ake liƙa musu a hannu, kuma yawancin waɗanda na ga sun lalace a hannun mutane, ba mugunta ce ta lalata su ba, tausayi ne. Garin neman gira aka rasa ido.

Daga siffar da ka bayar, wannan shi ne wanda Amurkawa ke kira box turtle, wato kunkurun akwati, masana kuma suna ce masa Terrapene carolina. Rufewar nan ita ce shaidarsa. Ƙoƙon ƙirjinsa kashi biyu ne, da gaɓa a tsakani mai lanƙwasuwa kamar hinjin ƙofa. In ya tsorata sai ya janye kai da ƙafafu da wutsiya, ya ɗaga gaba da baya ya manne su da ƙoƙon sama, ko bakin wuƙa da ƙyar zai shiga. Hucin da kuke ji ba fushi ba ne, iskar huhunsa yake fitarwa don kansa ya samu wurin shiga. Mu ma a dazukanmu na gida Afirka akwai wani ƙaramin kunkuru mai irin wannan dabara, amma shi hinjinsa a ƙoƙon sama yake ta baya, ƙafafun baya da wutsiya kawai yake karewa. An ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Wannan ko son damben bai yi ba, kulle ƙofa kaɗai ya iya. Ta fisshe shi a gaban namun daji tun fil azal, amma a gaban tayar mota ba ta da wani amfani.

Kada ƙanƙantarsa ta sa ka ce yaro ne. Iyakar girmansu ke nan, santimita 11 zuwa 15 galibi. Wanda ya cika tafin hannu baligi ne, wataƙila ya girmi yaranka, ba mamaki ma ya girme ka. Shekara 40 ko 50 a daji ba abin mamaki ba ne a wurinsu, an kuma samu waɗanda suka haura 100. Ka ɗan duba shi sau ɗaya: namiji yawanci jan ido gare shi, ƙirjinsa da ɗan loko, mace kuwa idonta ruwan ƙasa, ƙirjinta a shafe. In mace ce, to a watan Yuni akwai kyakkyawan zato da ƙwai a cikinta, neman wurin zuba su ne ya fito da ita titi. Kowace rana da ta ƙara a kwali, ana hana ta abin da ta shekara tana tanadi.

Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, gaskiya ta faɗa a kan kunkurun da ta sani. Wancan babban na ƙasarmu ɗan fako ne, ciyawa yake kiwo kamar akuya, ya saba da rana da ƙishi. Wannan kuwa sunan kawai suka haɗa. Danginsa na kusa kunkurun ruwa ne, shi ya hau tudu amma bai rabu da son laima ba. Rayuwarsa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye take, cikin inuwa, in zafi ya yi ya shige taɓo ya kwanta. Cimarsa tana da dodon koɗi da ƙwari da tsutsa, da laimar kwaɗi, da 'ya'yan itatuwan daji da suka faɗo, har mushe in ya samu. Latas a wurinsa ruwa ne kawai. Matsalar kuma ita ce kunkuru ba ya kuka, ramarsa ba ta fitowa fili tunda ƙoƙo ya rufe ta. Zai yi wata shida ko shekara yana mutuwa a hankali, masu gida na cewa lafiyarsa ƙalau, har ranar da idanu za su kumbura su rufe, ƙurji ya fito a kunne, baki ya yi tsawo ya karkace. A riƙe irinsa ya rayu da kyau sai da fili mai ƙasa da inuwa da rana, da sanin yadda ake sarrafa barcinsa na hunturu, da niyyar ɗaukar nauyi na shekara 40. Ko an iya duk wannan, daji ya riga ya yi asara.

A nan ne mutane suka fi ja da ni. Guda ɗaya ne fa, me zai rage wa daji? Da zomo ne ko zabo da na yarda, domin su yau an kama, baɗi sun cika wuri. Lissafin kunkuru daban ne. Mace ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara bakwai zuwa goma, a wuraren sanyi ma fiye. In ta fara, ƙwai uku zuwa takwas take yi a zubi ɗaya, yawanci huɗu ko biyar. Da yamma take haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba, ta rufe, ta yi tafiyarta ba waiwaye. Kafin su ƙyanƙyashe sai an yi kwana 70 zuwa 90, kuma mafi yawan ramukan ba sa kai ko mako guda. Rakun, dabbar nan mai zanen baƙi a ido da ke tone muku kwandon shara da dare, shi da yanyawa da hankaka da sauransu suna tone su su shanye. Wanda ya tsira ya fito, bai fi girman kwabo ba, ƙoƙonsa da taushi, hinjin kuma ba ya aiki sai bayan wasu shekaru. Kowa abincinsa ne, har tsuntsu da maciji. Saboda haka sai mace ta shekara ashirin, talatin tana zuba ƙwai kafin a samu biyu da za su girma su maye gurbinta da na mijinta. Ɗan kasuwa zai gane wannan da wuri: ƙwai da ƙanana riba ce, wata shekara a samu, wata a rasa, amma babba shi ne uwar kuɗi. Wanda ya ɗauke babba ɗaya daga daji uwar kuɗi ya taɓa.

Ba da ka nake faɗa ba. Kusa da kai, a jihar Maryland, tsakanin Washington da Baltimore, akwai cibiyar binciken namun daji ta Patuxent. A 1945 wata masaniya, Lucille Stickel, wadda daga baya ta shugabanci cibiyar, ta fara ƙidayar kunkurun akwati a wani yanki na daji mai hekta 11.8 a bakin kogi. Duk wanda ta kama sai ta yi masa alama ta sake shi. Aka ci gaba da maimaita ƙidayar duk bayan shekara goma. A 1955 suka fi yawa. Da aka koma a 1995, guda 70 aka samu, wato sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Masu binciken sun fi ɗora laifin a kan ambaliyar 1972, shekarar guguwar Agnes. Ka lura da abu biyu. Wannan daji ne na gwamnati, ba a gina gidaje a ciki, ba a kamawa a sayar, amma bugu ɗaya ya sa bayan shekara 23 sai a lokacin aka fara ganin alamun farfaɗowa. Na biyu, cikin waɗanda aka tarar a 1995 akwai waɗanda suka haura shekara 70, suna nan a dajin da aka san su. To in wurin da ake tsaro haka abin yake, ina ga ɗan dajin da titi ya kewaye, kowace shekara mota ta taka biyu, wani mai tausayi ya ɗauke ɗaya?

Akwai wani abin da ke ɓoye ɓarnar. Da yake suna da tsawon rai, unguwa za ta yi shekara talatin ana ganin kunkuru jefi-jefi, mutane na cewa ai suna nan. Alhali tsofaffi ne kawai suka rage, kamar ƙauyen da matasa suka watse. Ba su da kiran juna daga nesa irin na kwaɗi ko tsuntsu. Namiji sai ya yi kiciɓis da mace ya gan ta da ido. Allah ya ba macen wata baiwa, tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta har shekara huɗu tana ƙwai masu kyau, amma in sun yi ƙaranci ƙwarai ko wannan ba ya isa. Tun 2011 ƙungiyar IUCN, mai jera halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sa shi a sahun masu rauni.

Sai batun dajin bayan gidanka, wanda na san shi ne ya fi kama da maslaha. Kunkurun akwati mai gida ne. Duk tsawon ransa a ɗan yanki yake yinsa, sau da yawa bai wuce faɗin filin ƙwallo biyu ko uku ba, kuma ya san shi kamar yadda ka san unguwar da aka haife ka: ga inda ruwa ke kwanciya in an yi fari, ga bishiyar da 'ya'yanta ke zuba a watan kaza, ga ƙasa mai taushi da zai binne kansa in sanyi ya shigo. Wannan na ƙarshen shi ne rai da mutuwa. Daga wajen Oktoba ko Nuwamba har Afrilu a binne yake ƙarƙashin ganye da ƙasa, ba ci ba sha, wani lokaci har wani kaso na ruwan jikinsa ya daskare ya kuma narke ya tashi. Da yawansu wuri ɗaya suke komawa kowace shekara. Wata mace da na bi shekara uku a jere, gindin kututture ɗaya take kwana, tazarar ramin bana da na bara bai kai taku biyu ba.

In ka kai shi wani daji, ko da ya fi nasa kyau a idonka, ba zama zai yi ba. Miƙewa zai yi yana neman gida, ya bar ci, ya tsallaka titi bayan titi. Masu bincike a kwalejin Davidson da ke North Carolina sun gwada wannan, suka wallafa a 2008: suka liƙa 'yar na'urar rediyo a bayan 'yan gida da kuma waɗanda aka kawo daga wani wuri. Baƙin sun fi yawo nesa ba kusa ba, wasunsu suka mutu ko suka ɓace, 'yan gida kuwa ba wanda ya salwanta. Minti goma a mota kilomitoci ne masu yawa. A ƙafar kunkuru wannan wata ƙasa ce. Ga kuma cuta. Akwai ƙwayar cutar da ake kira ranabairos da wasu masu kama hanci da maƙogwaro, suna kashe su da yawa, kuma ɗaukar kunkuru daga wannan daji zuwa wancan na daga hanyoyin da suke yaɗuwa. Kana iya kai wa na bayan gidanka abin da ba su da shi.

Za ka ce to ai inda na ɗauke shi titi ne, in mayar da shi ga halaka? Titin a cikin gidansa aka shimfiɗa shi, ko tsakanin gidansa da inda yake zuwa ƙwai. Ya daɗe yana tsallaka shi. Haɗarin na nan, ban musa ba, amma ya fi sauƙi a kan na wanda aka jefa a baƙon wuri. Abin da ya dace tun ranar shi ne ka tsallakar da shi ka ajiye a ciyawa ta ɓangaren da ya fuskanta, ka yi gaba. In ka mayar da shi ɓangaren da ya baro, kana barin wurin zai sake hawowa kwalta, domin taurin kai gare shi.

Ko ba don wannan ba, akwai doka. Tun 1 ga Yulin 2021 Virginia ta hana ɗauko kunkurun akwati daga daji a ajiye a gida. Indiana ta riga ta tun 2004, jihohi da dama ma haka, kowace da nata tsarin. Mu baƙi a ƙasar mutane, bai kamata a same mu da irin wannan a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Dalilin tsaurin kuwa kasuwa ce. Da Turai ta hana shigo da kunkurun yankin Bahar Rum a 1984, 'yan kasuwa suka juyo kan wannan, aka riƙa fitar da dubbai kowace shekara, har aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES a 1995, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Yanzu kasuwar ta koma Hong Kong da Sin, inda mai kyan zane ke tsada sosai. A 2021 kotun tarayya a New Jersey ta ɗaure wani mutum wata 38 saboda ɗaukar nauyin safarar kunkuru aƙalla 1,500, ana naɗe su da salatif a cusa a safa a tura a kwali. A Yunin 2024 aka kama wata mata a Vermont za ta tsallaka tafki zuwa Kanada a ƙaramin kwalekwale, da guda 29 a jaka, kowanne a cikin safa. Shi ya sa nake roƙon mutane: in ka ɗauki hoton kunkuru ka sa a Facebook, kada ka faɗi ainihin wurin. Masu wannan sana'a suna karantawa.

Kafin ka mayar da shi ka duba abu kaɗan. Kwana biyu ko uku a kwali ba su ɓata komai ba, muddin bai haɗu da wani kunkuru ko ƙadangare ko macijin da ake kiwo a gida ba. Yau da dare ka sa shi a roba mai ruwa ɗan kaɗan, ba mai sanyi ba, wanda bai kai masa hanci ba, na minti ashirin, ya sha in yana so. Kada ka matsa masa da abinci, tsoro ne ya hana shi ci. In idanunsa a buɗe suke garau, hanci a bushe, yana rufewa da ƙarfi, to lafiyarsa lau. In kuwa ka ga ido a kumbure, ko majina da kumfa a hanci, ko kumburi a gefen kai, ko tsaga a ƙoƙo, kada ka sake shi. Ka kira hukumar kula da namun daji ta jihar su haɗa ka da mai lasisin jinyarsu a kusa da kai. Akwai ma asibitin namun daji a garin Waynesboro, Wildlife Center of Virginia, da ke karɓar irinsu da yawa kowace shekara. Abin da za su fara tambayarka shi ne a ina ka same shi, domin in ya warke can za a mayar da shi. Wanda ba a san gidansa ba sau da yawa ba ya komawa daji har abada.

Haka in wata rana ka tarar da wanda mota ta buge. Kada ka yanke masa hukuncin mutuwa don ka ga ƙoƙo ya fashe. Ƙashi ne, yana haɗewa, likitocin dabbobi na ɗaure shi ya warke ko da zai ɗauki watanni. Ka sa shi a kwali da tsumma mai tsabta, ka rufe don ƙuda, domin tsutsa ce ke ƙarasa su. Ba abinci, ba man shafawa, ba gam. Ko macen da ba za ta tashi ba, ana iya ciro ƙwanta a ƙyanƙyashe.

Tunda gidanka na jingine da daji, kana da abin yi wanda ya fi riƙe guda ɗaya a kwali amfani nesa. Ba mamaki kana da naka maƙwabtan a can ba ka sani ba. Babban makashinsu a unguwanni bayan mota shi ne injin yankan ciyawa. Kafin ka tayar da shi ka zaga filin da ƙafa, musamman bakin daji da inda ciyawa ta yi tsawo, musamman kuma da safe bayan an yi ruwa, lokacin da suka fi fitowa. Ka ɗaga wuƙar injin sama, ka fara daga tsakiya kana yin waje don abin da ke ciki ya samu hanyar gudu. A manyan filaye ana so wuƙa ta kai santimita 18 daga ƙasa, ko da yake tayar tarakta ma na murƙushe su, shi ya sa ya fi kyau a bar yankan irin waɗannan wurare sai sun shiga barci.

Sai ganye. Mutanen nan da kaka ta yi sai su share kowane ganye su ɗura a leda a kwashe, fili ya zama kamar an shimfiɗa darduma. A wurin kunkuru wannan hamada ce. Ganyen nan shi ne bargonsa, shi ne rumbunsa, a ƙarƙashinsa tana da ƙwari suke. In ƙungiyar masu gidajen unguwarku na da fitina a kan tsabtar gaban gida, ka share gaba, ka tura ganyen baya gindin itatuwa ka bar shi. Reshen da ya faɗi ka tara shi a lungu. Tarin ganye ko itace kuma kada a cinna masa wuta sai an tona an duba. Ka rage feshin maganin ƙwari, ka bar zuba ƙwayoyin kashe dodon koɗi, tunda abincinsa kake sa wa guba. Ka rufe kwandon shara da kyau, kada a bar abincin kyanwa a waje da dare: duk unguwar da ta ƙosar da rakun ta ƙara yawansu, su kuma su bi ramukan ƙwai ɗaya bayan ɗaya. In maƙwabci na da kare, a ja masa kunne cikin lalama, domin kare na gwaguyar kunkuru kamar ƙashi. Ramin da ake bari a gaban tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma tarko ne, a rufe shi da raga.

In Allah ya sa wata yamma ka ga mace na haƙa a gefen lambunka, ku ba ta wuri, tana iya kai tsakar dare ba ta gama ba. Kada a tone ƙwan a ce za a kai wuri mai kyau. Ba kamar na kaza ba ne, juya shi na iya kashe abin da ke ciki. Ka kifa ragar waya a kai ka kafe ta da ƙarfe don masu tono, daga tsakiyar Agusta kuma ka riƙa dubawa kullum ko ka buɗe musu kafar fita. Wani abin mamaki da yara za su so: zafin ramin ne ke yanke ko maza za a samu ko mata. Rami mai zafi mata ya fi bayarwa, mai sanyi-sanyi maza.

Bari in koma kan maganar Hajiya, don ta taɓa ni. A gidan kakata akwai kunkuru, an huda gefen ƙoƙonsa an zura igiya an ɗaure a turke, mu yara muna hawansa. Sai da na yi karatu na san ƙoƙon nan haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, da jini da jijiya a ciki, abin da ke sama kawai ne mai kamar farce. Hudawar nan yana jin ta. Fenti ma da wasu ke shafa musu cuta ne. Kuma wancan babban kunkuru namu, wanda ya fi kowane kunkurun tudu girma in ka cire na tsibiran Galapagos da Aldabra, wanda namijinsa ke haura kilo 50, yau IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa a daji, daga Senegal har Sudan da Habasha. Kiwo ya cinye ciyawarsa, gobarar daji na cin sa, sannan ga kamawa ana kaiwa gidaje da kasuwa. Kowane gida guda ɗaya ne ya ɗauka, kowa kuma ya ce guda ɗaya ne fa. Abin dariya abin takaici, a Amurka ya yi yawa har ya zama kaya. An hana shigo da shi a 2000 saboda kaskar da ke ɗauke da cutar dabbobi, amma masu kiwo na ƙyanƙyasar dubbai, mutane su sayi ɗan mitsitsi, bayan shekara goma ya zama kamar baho yana tone gindin katanga, su rasa inda za su kai shi. In yara sun nace sai sun yi kiwo, kada ka sayi wannan da garaje. Ka nemi masu karɓar dabbobin da aka gaji da su, ka tambayi abin da dokar jiharku ta yarda a riƙe. Ka kuma sani kunkuru kowane iri na iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, dalilin da ya sa tun 1975 aka hana sayar da wanda bai kai inci huɗu ba a Amurka. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar bai kamata ya riƙa taɓa shi ba.

Su yaran, ka tafi da su goben. Ka tuna musu da labarin sahabban da suka ɗauko 'ya'yan tsuntsuwa a tafiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka mayar mata da su. Kafin ku sake shi su ɗauki hoton bayansa daga sama da na ƙirjinsa. Zanen kowane ɗaya daban yake kamar zanen yatsa, don haka za su iya buɗe littafi: duk wanda suka gani a bayan gida su ɗauki hoto, su rubuta rana da wuri, su raɗa masa suna in sun ga dama. Baɗi in ya dawo za su gane shi.

Ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ka samu inda za ka ajiye mota lafiya, yara su tsaya nesa da kwalta. Ka riƙe shi da hannu biyu ta tsakiya, ba ta wutsiya ba, ka shiga da shi taku ashirin ko talatin cikin ciyawa ko gindin itatuwa a ɓangaren da ya dosa, ka ajiye shi a inuwa fuskarsa na kallon daji. Ku ja da baya ku yi shiru. Zai yi minti biyar ko goma a kulle, sannan ƙofar gaba ta ɗan sauka, hanci ya leƙo, sai wuya ya miƙe yana dube-dube. Daga nan zai ɗaga jiki ya kama hanya, da saurin da ba ku zata ba. In kun koma gida kowa ya wanke hannu da sabulu, kwalin a jefar, robar kuma a wanke ta da ruwan bilic.